Mun kai yara Feldberg da keken sulu na Todtnau: laifi ne a bar 'yar shekara tara ta sauko ita kaɗai?

Maman Ummi: Assalamu alaikum 'yan uwa, ya hutun yara? Na yi alkawarin ba da labarin fitarmu ta ranar Asabar, ga shi, sai dai a yi haƙuri da tsawonsa, don akwai tambaya a ƙarshe.

Mu shida muka tashi daga Freiburg, nan Jamus: ni, Abbansu, yara uku, da Hajiya mahaifiyarsa da ta zo mana daga Kano wata biyu ke nan. Tun da ta zo ba ta wuce kasuwa da masallaci ba, kullum tana zaune a falo tana kallon bango. Shi ya sa muka ce a wannan fita dole da ita.

Jirgin ƙasa muka hau da sassafe, wanda ke bin kwarin Höllental zuwa Titisee. A hanya akwai tasha mai suna Himmelreich. Ummi ta ce wa kakarta ai ma'anar sunan masarautar sama, kwarin da za mu shiga yanzu kuwa sunansa kwarin jahannama. Hajiya ta ce a'uzu billahi, wane irin suna ne wannan, ta ci gaba da jan carbinta. Amma da jirgin ya fara kutsawa cikin dutse yana fitowa, ga itatuwa sun rufe gangare sun yi duhu saboda kauri, sai ta ajiye carbin a cinya ta manna fuska a taga. Nan ta gane abin da ya sa ake ce wa yankin Schwarzwald, wato baƙin daji.

Daga Titisee muka shiga bas mai lamba 7300 zuwa gindin Feldberg. Shi ne tsauni mafi tsawo a duk yankin, mita 1,493. Ana hawa da lilon waya, kuma a lokacin zafi ɗakuna rufaffu ne masu ƙofa, mutum yana zaune kamar a mota, shi ya sa Hajiya ta yarda. Yana sauke mutane a Seebuck, inda akwai hasumiyar kallo. Mun yi sa'a gari ya washe. Can kudu muka hango tsaunukan Alps na Suwizalan jere, kawunansu fari fat da ƙanƙara a tsakiyar watan Agusta. A ƙasa kuma ga wani ɗan tafki mai suna Feldsee, zagayayye, kamar an ajiye faranti a cikin daji. Hajiya ta daɗe a tsaye ba ta ce uffan ba. Da na dube ta sai na ga hawaye. Ta ce, "Yanzu duk wannan yana nan tun ina yarinya, ban sani ba."

Bayan mun ci abinci muka sake shiga bas ɗin nan muka gangara Todtnau. Can ne keken sulu yake, a dutsen Hasenhorn. Jamusawa na ce masa Rodelbahn. Kujera mai lilo ce ke kai mutum sama, ita a buɗe take, ƙafa na reto a iska. Daga can sai ka shiga wani ɗan keke mai wurin zaman mutum biyu, ka biyo layin ƙarfe mai tsawon kilomita 2.9 har ƙasa. Hajiya ta zauna a ƙasa da Auta, don Auta ba ta kai shekara ukun da ake fara hawa ba. Baffa mai shekara shida ya zauna gaban babansa. A allon wurin an rubuta daga shekara takwas yaro zai iya hawa shi kaɗai, Ummi kuwa ta cika tara, ta tsaya a jikin ma'aunin tsawo ta wuce, ta ce ita kaɗai za ta hau. Na dubi Abbansu, ya dube ni. Muka bar ta.

Ni ce a keken da ke bayanta. Na cusa mata hijabi a cikin rigar sanyi na ja zif har wuya, aka duba bel ɗinta. Ta kama sandunan birki biyu, yatsunta sun yi fari don riƙo. Sau ɗaya ta waiwayo, sannan ta tura. Lanƙwasa biyun farko a hankali ta yi su, ina jin ƙarar birkinta. Daga nan ta saki. Ina hango kanta yana ɓacewa cikin itatuwa yana fitowa, wajen da layin ke murɗewa kamar dodon koɗi na jiyo ihunta, ba na tsoro ba. Da muka iso ƙasa ta ruga wajen kakarta tana cewa, "Hajiya, ni na tuƙa da kaina!"

To ga tambayar. Na tura wa Yayana bidiyon, ya kira ni ya yi mini faɗa sosai, ya ce mun yi ganganci da ran yarinya. Tun daren nan zuciyata ba ta kwanta ba. Ku gaya mini gaskiya, mun yi kuskure?

Baba Direba: Wa alaikumus salam. 'Yata, tunda gaskiya kika nema, ina bayan yayanki. Shekara ashirin da ɗoriya ina jan babbar mota a ƙasar nan, na san abin da gangara take yi. Babban mutum ma idan ya firgita hannunsa daskarewa yake, balle yarinya. Kallon tsauni da kuka kai Hajiya, Allah ya saka da alheri, wannan ba magana. Amma a ɗora 'yar shekara tara a kan ƙarfe, a ba ta birki a hannu, a ce je ki? Idan wani abu ya faru me za ku ce wa kanku? Yaro amana ne, ba a gwaji da shi.

Maman Ummi: Na gode Baba. Maganarka ita ce ta Yaya sak, kuma ba zan ce ba ta taɓa ni ba.

Injiniya Stuttgart: Baba, da girmamawa, ina ganin akwai abin da ya kamata a fayyace, don keken sulu iri biyu ne kuma mutane na haɗa su. Akwai tsohon samfuri, wanda keken ke gudu a cikin kwalbati kamar rabin bututu. Shi ba a ɗaure yake ba, idan mutum ya shiga kwana da gudun wuce sa'a zai iya kifewa ya goge fata. Wanda Maman Ummi ke magana a kansa daban ne. Keken a maƙale yake da bututun ƙarfe, yana da ƙafafu ta sama da ta ƙasa da suka rungume layin, ba ya iya tashi daga kai. Akwai bel. Sannan ban da birkin hannu akwai wani birki a cikin ƙafafun da ke kama kansa da kansa idan juyawa ta yi yawa, yana tsare gudun a wajen kilomita 40 a awa. Ko yarinyar ta daskare ta tura sandar gaba har ƙarshe, ba za ta wuce wannan ba.

Haɗarin da ke akwai na gaske shi ne karo ta baya. Wani ya tsaya cak a tsakiyar hanya don ɗaukar hoto, na bayansa ya fito daga kwana ya afka masa. Shi ya sa ake cewa a bar tazarar mita 25 kuma kada a tsaya. Kuma idan an yi ruwa birki ba ya ci da wuri.

Baba Direba: To ai ka faɗi da bakinka, Injiniya. Yarinya ce za ta auna mita 25 tana cikin gudu? Direbobi masu lasisi ma ba su iya barin tazara ba.

Injiniya Stuttgart: Wannan gaskiya ne Baba, nan ne wurin da ya cancanci a yi tunani. Abin da nake yi da nawa, ni nake shiga gaba, in yi nisa sosai, yaron ya biyo, mahaifiyarsa ta rufe baya. Ta haka na gabansa da na bayansa duk namu ne, ba baƙon da zai tsaya masa ko ya matsa masa.

Maman Ummi: Haka muka yi ba tare da mun tsara ba. Abbansu da Baffa ne gaba, ita a tsakiya, ni a baya. Kuma kafin ta hau sai da babanta ya sa ta nuna masa sau uku: tura gaba tafiya, ja baya tsayawa.

Anti Nas: Ni maganar hijabi nake so mata su riƙe, don na ga abin da idona. Shekarar bara a wani wurin daban, ba wannan ba, wata baiwar Allah ta hau da dogon gyale ta sake shi. Iska ta kwashe bakinsa ya shiga ƙarƙashin keken. Allah ya taimaka yadin mara ƙarfi ne, ya yage, amma wuyanta ya yi ja ya kumbura kwana da kwanaki. Kada wadda ta hau da mayafi a sake, ko abaya mai jan ƙasa, ko zani. Wando a ciki, riga mai kauri a sama, hijabi ƙarami a cusa shi. Maman Ummi kin yi daidai da kika ja mata zif.

Abu na biyu, mutane na tsoron keke suna mantawa da kaska. Jiharmu ta Baden-Württemberg tana cikin yankunan da kaska ke ɗauke da cutar da ke taɓa ƙwaƙwalwa, wadda ake rubutawa FSME, kuma akwai rigakafinta, ku tambayi likitan yara. Duk ranar da yara suka shiga ciyawa a daji, da an dawo gida a tuɓe su a duba bayan gwiwa, hammata, bayan kunne da cikin gashi. Idan an gani a cire ta a hankali daga kai, kada a matse cikinta, kada a shafa mata mai ko kananzir kamar yadda ake yi wa dabbobi a gida.

Maman Ummi: Wallahi Anti ban duba su ba ranar, sai washegari da na tuna. Alhamdu lillahi ba komai.

'Yar Damagaram: Sannunku. Ni daga Mulhouse ta Faransa nake, ba nisa, amma ban taɓa zuwa ba, kuma dalilina daban ne da na Baba. Kuɗi. Jirgi, bas, lilon sama, keken, abinci, mutum shida. A lissafa a mayar da shi sefa ko naira a ga buhun gero nawa ne. Ina da 'yan uwa da kullum wayarsu ke shigowa. Idan na kashe wannan a wasan minti kaɗan, anya zan iya barci? Ba zargi nake ba Maman Ummi, kaina nake tambaya.

Maman Ummi: 'Yar uwa, na fahimce ki, mu ma wayar nan ba ta fasa shigowa ba. Amma bari in faɗa miki abin da ya sa muka fita. Bara da aka koma makaranta a watan Satumba, malama ta ce kowa ya zana abin da ya yi a hutu. Ummi ta dawo da takarda ta zana talabijin da kujera. Sati shida na hutu, abin da ta iya tunawa ke nan. Na shiga ɗaki na yi kuka. Muna aiki dare da rana don su, muna aika wa gida, amma su da ke gabanmu ba su samu yini ɗaya namu ba. Tun lokacin nake ajiye 'yan canji a gwangwani don wannan rana. Abincin ma daga gida na dafa, shinkafa da kaza a kula, da shayi a fulas. Ba mu sayi komai ba sai askirim.

Malam Ƙarami: Assalamu alaikum. Maganganu biyu sun taso, bari in ɗan ce wani abu. A kan kuɗi, ciyar da iyali da faranta musu yana cikin abin da ake ba da lada a kai, almubazzaranci shi ne a kashe inda bai dace ba ko a wuce ƙarfi. Wanda ya sauke haƙƙin iyaye da na dangi gwargwadon hali, ya ware wani abu ya kai 'ya'yansa su ga halittar Ubangiji, bai yi laifi ba. Alƙur'ani da kansa ya ce a dubi duwatsu yadda aka kafa su. Hawayen Hajiya a kan Seebuck ai tafsirin ayar ne.

A kan haɗari kuwa, an hana mutum jefa kansa cikin halaka, amma malamai suna duban abin da ya fi rinjaye. Idan galibi ana tsira, an kuma bi ƙa'ida, ba a kira shi halaka, in ba haka ba da ba mai hawa mota. A ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali. Sai dai Baba yana da hujja ta wani gefen: uba ya fi kowa sanin ɗansa. Shekara takwas da aka rubuta a allo izini ne, ba umarni ba.

Baba Direba: Yauwa Malam, nan nake. Allo bai san ɗana ba.

Bakatsine: Malam, tunda ka shigo, ya batun salla a irin wannan fita? Ana yin ƙasaru?

Malam Ƙarami: A mazhabar Malikiyya tafiyar ƙasaru wajen kilomita 80 ce. Daga Freiburg zuwa Todtnau kusan 30 ne, don haka su Maman Ummi cikawa za su yi. Wanda ya taso daga Stuttgart kamar Injiniya ya wuce wannan nesa ba kusa ba. Kuma lokacin zafi da sauƙi, azahar ba ta shiga sai wajen ɗaya da rabi, magariba kuwa kusan tara, mutum zai iya komawa gida kafin ta. A riƙe ƙaramar darduma da gorar ruwa.

Maman Ummi: Mu a Todtnau muka yi azahar, a gefen wani fili ƙarƙashin bishiya. Mutane suna wucewa, ba wanda ya dame mu.

Bakatsine: Madalla. Ni kuma gargaɗina kan abinci ne, don sabbin zuwa suna faɗawa. Abubuwa biyu da yankin ya fi shahara da su duk ba namu ba ne. Kek ɗin nan mai baƙi da fari da 'ya'yan itace a sama, Schwarzwälder Kirschtorte, na asalin da giya ake yin sa, ana ce mata Kirschwasser. Naman da ake yankawa siriri kuma, Schinken, alade ne. Har gidan tarihinsa akwai a cikin hasumiyar da kuka hau. A tambaya kafin a saya, ko a yi yadda Maman Ummi ta yi.

Ɗan Gembu: Ina karanta labarin nan sai kewar gida ta kama ni. Duk abin da Maman Ummi ta bayyana, sanyi, hazo, ciyawa shar, shanu a gangare, haka Mambila take. Ni a can na tashi, a ƙaramar hukumar Sardauna ta jihar Taraba. Muna da gonakin shayi a Kakara, muna da Chappal Waddi mai mita 2,419, wanda ya fi Feldberg da kusan mita dubu. Da na fara zuwa Feldberg na ga 'yan shanunsu ƙanana masu ƙararrawa a wuya, sai da na tsaya na rufe ido, don ƙamshin ciyawa da kashin shanu iri ɗaya ne da na rugar kakana. Bambancin, su sun yi hanya, sun sa bas yana zuwa a kan lokaci, sun kafa alamomi. Mu hawan dutsen daga Serti kaɗai ya isa ya sa baƙo ya fasa. Obudu a Kuros Riba an yi lilon waya tun 2005, ashe ba abin da ya fi ƙarfinmu ba ne.

Kuma Baba, ka yi haƙuri in tuna maka. Mu da muke yara jarka muke tsagawa biyu mu zauna a ciki mu sulalo daga kan tudu, ba bel, ba birki, sai ƙaya ta tare mu. Na tabbata ku ma kun yi irinsa.

Baba Direba: Mun yi, da kwali a kan dutse. Kuma har yau akwai tabo a gwiwata, abokina kuwa haƙori biyu ya bari a can. Iyayenmu ba su sani ba ne, da sun sani da mun sha bulala. Ni yanzu na sani, shi ya sa nake magana.

Injiniya Stuttgart: Kan maganar sanyi da Ɗan Gembu ya taɓo, duk mai zuwa ya riƙe rigar sanyi ko da gari na tafasa a ƙasa. Kowane hawan mita 1,000 zafi na sauka da wajen digiri shida da rabi. Freiburg ba ta kai mita 300 ba, ka ga tsakaninta da ƙololuwar Feldberg digiri takwas ne, ga iska. Kuma wurin keɓaɓɓe ne tun 1937, ba a barin hanya a shiga ciyawa, ba a tsinkar fure. A ja wa yara kunne tun a bas.

Maman Ummi: Hajiya bargon Auta ta yafa a sama, don mun raina sanyin. Wannan kuskurenmu ne.

Baba, na yi ta juya maganarka. Abin da zan iya cewa, Baffa ko ya kai takwas ban ga alamar zan bar shi shi kaɗai ba, don shi idan ya ji daɗi kunnensa toshewa yake. Ummi kuwa ita ke kai shi makaranta kullum, ita ke tsallakar da shi titi, ba ta taɓa sakin hannunsa ba. Yarinyar da na ba amanar ƙaninta a kan titin mota, na kasa samun bakin ce mata ba za ta iya riƙe sanda biyu ba. Kuma a makaranta ita ce mai shiru, ita kaɗai ce mai hijabi a ajinsu, kullum a baya. Ban taɓa jin muryarta ta tashi irin ta ranar ba.

'Yar Damagaram: Zancen zanen talabijin ɗin nan ya tsaya mini a rai. Nawa biyu ne, ban san me za su zana ba idan aka tambaye su. Akwai abin gani a can wanda ba sai an hau komai ba?

Maman Ummi: Akwai. Ruwan da ke zubowa daga dutse kusa da Todtnau, tsawonsa mita 97, da ƙafa ake isa. Mu lokaci ya ƙure mana ba mu je ba. Akwai kuma gada mai lilo da aka buɗe a samansa a 2023, mai tsawon mita 450, amma ita da tikiti. Bakin tafkin Titisee ma yara za su yi wasa su more.

Baba Direba: Ni dai ban sauka daga maganata ba, ɗana ba zai hau shi kaɗai ba. Amma autana shekararsa goma, kuma in faɗi gaskiya ban taɓa kai shi ko'ina ba sai masallaci da gidan abokai. Idan za a haɗu a je, zan zo da shi. Ya zauna gabana, birki a hannuna.

Injiniya Stuttgart: Hakan ma daidai ne Baba. Asabar ta sama ta yi wa kowa? A fara da keken da safe kafin layi ya yi tsawo, a hau Feldberg da rana. Idan an wayi gari da ruwa a ɗage.

Anti Nas: Ina ciki, zan taho da akwatin magani da abin cire kaska.

Maman Ummi: Mu ma za mu sake zuwa in sha Allah. Na karanta wa Hajiya duk abin da aka rubuta. Ta ce a gaishe da Baba Direba, ta ce ya fi ta gaskiya amma takwararta ta burge ta. Ta kuma ce a wannan karon a nemo mata rigar sanyi ta kirki da takalmi mai rufi, don tana so ta taka da ƙafarta daga hasumiyar har ƙololuwar, inda ta hango mutane suna tafiya ranar nan. Wajen kilomita biyu ne. Abbansu ya ce gobe zai kai ta kanti a gwada mata.